Sunan Gwaggo da Ba a Mayar Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Gwaggo ta riga mu komawa. Ta rasu da hantsi a ɗakinta na Kurfi, bayan 'yar jinyar da ba ta kwantar da ita sosai ba. Yayar mahaifina ce. Ta haura tamanin, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, sai mu 'ya'yan 'yan uwanta da ta goya, ta yi wa wanka, ta zaga son ranta.

Na yi zaman makoki da yawa a rayuwata, na san yadda bakin mutane yake in sun zo da zuciya ɗaya. Na Gwaggo ba haka ya kasance ba. Mata suna shigowa, su ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." Su ce Allah ya jiƙanta, mu ce amin. Sai wata ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Allah dai ya sa ta cika da imani." Addu'a ce mai kyau, ana yi wa kowa. Amma akwai yadda ake faɗinta ana kallon tabarma, kuma duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san abin da ake nufi. Wata tsohuwa har ta matso kunnena ta tambaye ni ko an ji ta yi kalmar shahada. Na ce an ji. Ta ce, "To, madalla," kamar wadda aka gaya wa an ga akuyar da ta ɓata.

Mutum ɗaya ne ya yi kukan da bai ɓoyu ba, wato ɗan Baffana, ƙato mai sayar da hatsi a kasuwar Kurfi, wanda furfura ta riga ta kama wa gemu. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure ya kife kai, maza suna ba shi haƙuri suna jin nauyin kallonsa. Zan zo kan dalilinsa.

Abin da masu kallon tabarma suke nufi kuwa shi ne, tun da daɗewa ana cewa Gwaggo ta taɓa addinin Buda. Wai lokacin da take aiki a gidan wasu baƙi a Dutsin-Ma an gan ta durƙushe gaban gunkinsu. Ba a taɓa faɗa a gabanta ba. Mu ma 'yan gida ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa ƙaryatawa ba. Maganar ta zauna a gidanmu kamar tsohon turmi a lungu, kowa yana kewaye ta yana wucewa.

Washegarin rasuwar Gwaggo, matar ɗana na fari ta sauka a Dutsin-Ma, aka samu mace. Kowa ya san abin da ake yi in haihuwa ta zo a kan rasuwa: ana mayar da sunan wanda ya tafi. Ga Gwaggo kuwa abin ya fi na kowa nauyi, don ba ta da wanda zai mayar da sunanta in ba mu ba. Da la'asar yaron ya zo Kurfi, ya gaisa da mutane, ya kira ni gefe kusa da rumbu.

"Umma, ina so in mayar da sunan Gwaggo," in ji shi. "Amma surukina ya kira ni ya ce in bincika tukuna. Wai gaskiya ne an gan ta gaban gunki?"

Mata suna zaune ba nisa, cikinsu har da innar matarsa, kuma na ga hirarsu ta tsaya. Ni mai baki ce, a kasuwa ba a cuce ni, a gidan biki ba a fi ni amsa. Amma ranar na buɗe baki na ce, "Allah ne masani." Ya dube ni, ya ce, "To," ya gyara hula ya tafi. Kunyar wannan amsa ita ta sa na zauna rubuta wannan.

Bari in faɗi wace ce Gwaggo, tunda ranar na kasa.

Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai son goro da yaji. Ba ta iya sauraron labari ta yi shiru. In kin ce mata an ce wance ta yi kaza, sai ta tauna goro ta ce, "Wa ya gani?" In kin ce kowa ya sani, ta ce, "Kowa ba shi da gida, balle in tahi in tambaye shi. Ba ni suna guda." Saboda haka ba a son ta a wajen tsegumi. Ta shigo, hira ta mutu, a koma zancen tsadar gero.

Bayan aurenta na biyu ya mutu ne ta tafi Dutsin-Ma, ta samu aikin raino a gidan baƙin nan. Mijin malami ne a wata makaranta, matar ma'aikaciyar jinya. Mu duk Indiyawa muke ce musu, amma Gwaggo takan gyara mana ta ce 'yan Silon ne, wani tsibiri can gaba da Indiya. Sista take kiran matar. A falonsu akwai 'yar kanta da aka ɗora mutum-mutumin wani mutum a zaune, kullum da safe Sista tana ajiye masa furanni. Gwaggo ta ce tun ranar farko ta gaya mata za ta share ko'ina amma ban da nan, Sista ta ce ba komai.

Labarin da ta fi son ba mu shi ne na ranar da suke tsinar shinkafa, ta tambayi Sista ko wannan ne Allahnsu. Sista da gurguwar Hausarta ta ce a'a, mutum ne, malami ne, ya mutu tun zamanin da. Ta ce abin da ya fi kama mata zuciya a koyarwarsa shi ne ya hana mabiyansa karɓar magana don kawai ta tsufa, ko don babba ne ya faɗe ta, ko da kuwa shi ne da kansa. A ɗauke ta a yi aiki da ita a gani. In tana jawo cuta da ƙiyayya a ajiye, in tana kawo alheri a riƙe.

"Sai na ce mata, to Sista, shi ya ce kar a yarda da shi, ke kuma kin yarda da shi da ya hwaɗi haka. Wanne anka bi ke nan?" A nan Gwaggo takan tsaya ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Ta ce Sista ta yi dariya har shinkafa ta zube, ta ce irin wannan tambayar ce malamin nasu yake so.

Wata rana kuma Sista ta gaya mata su a wajensu in mutum ya mutu sake haihuwarsa ake yi. Gwaggo ta ce, "Wanga kin gwada?" Sista ta ce ba ta gwada ba. Ta ce ta gwada maganganunsa da yawa a kan fushi da kwaɗayi ta same su daidai, shi ya sa ta riƙe wannan da amana har ranar da za ta gani. Gwaggo ta ce mata, to ashe kowa da abin da ya riƙe bai gwada ba, ke riƙe naki in riƙe nawa. Daga nan ba su sake gardamar lahira ba. In lokacin salla ya yi, Sista ce take karɓar yaron daga bayanta.

Abin da Gwaggo ta dawo da shi Kurfi ke nan, kuma ba ta ɓoye inda ta samo shi ba. Takan ce mana, "Abin da Allah ya ce, na ji na bi. Abin da kakarku ta ce, a kawo shi nan mu duba. Ku matsalarku kun zuba su ƙwarya guda." Da aka hana mu cin ƙwai wai yana sa yaro sata, ta dafa ta ba mu a gaban kowa, ta ce duk ɓarayin da ta sani a garin nan babu wanda aka taɓa kiwon kaza a gidansu.

Kada a ɗauka ta raina al'ada ne. Ta taɓa yi wa wata maƙwabciya dariya don tana zuba busasshen ganyen bedi, wato darbejiya, a cikin wake wai yana hana ƙwari. Matar ta ji haushi. Gwaggo ta koma gida ta raba wakenta tukunya biyu, ɗaya da ganye ɗaya babu. Da bazara ta buɗe, wanda babu ganye ya zama gari. Ta ɗauki tukwanen biyu ta kai gidan matar, ta ajiye a tsakar gida ta ce, "Ga shi, ke ke da gaskiya, ni ce banza." Ban san wani babba a danginmu da ya taɓa yin haka ba.

Da mahaifina kuwa ba su rabu da faɗa ba. Shi ya so ta bar aikin tun farko, ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da gunki. Ta ce ai ba kwana take yi a falon ba, kuma in ya damu ya riƙa aiko mata da abin da za ta ci. Suka yi wata da watanni ba sa magana, sai dai ta aiko masa da dambu ta ce a kai wa mai gidan mala'iku. Yakan cinye kuwa.

Yanzu ga dalilin kukan ɗan Baffana. Lokacin da aka haife shi na yi aure ban haihu ba, ina tsakar gidan. A zamanin, kafin a bar jariri ya kama nono sosai, ungozoma takan tatsi kaɗan a ludayi ta jefa tururuwa. In ta fita da ranta, nono lafiya. In ta mutu, an ce nonon mugu ne, sai a janye jariri a koma ba shi madarar akuya da jiƙe-jiƙe. Matar Baffa an yi mata haka a haihuwarta ta fari, jaririn bai yi wata biyu ba ya koma. Wannan karon ma aka jefa tururuwa ta mutu. Matar tana zaune a bakin gado, rigarta ta jiƙe da nono, tana kuka ba sauti.

Gwaggo ta zo barka daga Dutsin-Ma ta tarar da haka. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a ba ta wani ludayin. Cikin matan akwai 'yar ungozomar, tana goye da wani yaro sambal, kumatu kamar an hura, kuma shi ne na huɗu da ta shayar. Gwaggo ta ce, "Ke naki ai kowa ya shaida, ɗan tatso mana mu ga yadda mai kyau yake." Ta tatso tana murmushi. Aka jefa tururuwa, ta ɗan yi iyo, ta nutse. Aka sake jefa wata, ita ma haka.

Wata ta fara dariya, sauran suka kama. Gwaggo ta ɗauki jaririn ta ɗora wa uwarsa a cinya ta ce, "Ba shi abinshi." Ungozomar ta tattara kayanta ta fita ba sallama, tsohuwa ce da ta karɓi haihuwar rabin unguwa. Ni kaina na ji tausayinta, don Gwaggo ta iya gaskiya amma ba ta iya lulluɓe ta ba. Jaririn nan shi ne ƙaton da ya kife kai a zaure.

Ni ma ta yi mini nawa. Da na haifi wannan ɗan fari, ita ta zauna da ni. Ruwan wankan jego da ake tafasawa har fata ta saɓule, ita sai ta sa gwiwar hannunta a ciki, in ta kasa jurewa ta ce a sirka. Da aka ce jikina zai ruɓe, ta ce ta ji, in ya ruɓe a zo a gaya mata. Ina kwance ina jin ta tana karatu ƙasa-ƙasa tana jijjiga shi. Wannan yaron da ta jijjiga shi ne ya tambaye ni, na ce masa Allah ne masani.

Bayan ya tafi na kasa zama. Na san sallarta, na san azuminta, na san carbinta da ya sha hannu har ya yi santsi. To me ya hana ni cewa ƙarya ne? Tsoro ne, kada a ce ina kare abin da ba a karewa. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni: a can ƙasan zuciyata ni ma ban tabbata ba, don ban taɓa tambaya ba. Matar da ta ba mu labarin falon nan ba sau ɗaya ba sau biyu ba, da na tambaye ta da ta amsa mini tana tauna goro.

Bayan addu'ar uku na fara bin maganar. Na je wajen tsohuwar da ta tambaye ni shahada, na ce wa ya ga Gwaggo a durƙushe? Ta ce ita dai a bakin rijiya ta ji, daga wata da ta rasu. Na je wajen 'yar wadda ta rasun, ta ce uwarta a gidan suna ta ji. Kowa sai ya miƙa ni gaba. Amma duk inda na bi, zancen yana karkata wuri ɗaya: 'yar ungozoma, wadda yanzu ta tsufa tana zaune wajen ɗanta a Barkiya.

Hanyar ba ta da daɗin bi a wannan zamani, amma ɗan Baffana ya ce zai kai ni, muka tafi da rana tsaka. Na same ta a inuwar ɗaki, idonta ya yi rauni, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya, ta yi addu'a mai tsawo. Na ce, "Iya, tambaya na zo yi, don Allah kada ki ji komi. An ce ke kika ga Gwaggo gaban gunkin mutanen nan."

Ta daina ɓarar gyaɗar.

"Ɗiyata, ni lokacin ko Dutsin-Ma ban taɓa zuwa ba," in ji ta. "Ina zan ga gidansu?"

Na ce, "To mi ya kawo maganar?"

"Uwata ta koma gida ranar nan ta kwanta, ta ƙi cin abinci. Daga nan ba a sake kiranta haihuwa ba sai jefi-jefi. Ni kuma da nonona anka yi mata wannan. Da na tahi ɗibar ruwa na ce, ai dole, wadda ke durƙusa ma gunki mi za ta bari? Haushi ne. Da maganar ta zagayo ta dawo kunnena, har an sa mata hurannin da ta riƙe da kalar zanen da ta ɗaura. Na ji tsoron in ce ni na hwara." Ta share ido da bakin mayafi. "Gwaggonku ta zo nan gaishe ni da na yi ciwon ƙahwa. Na so in hwaɗa mata, na kasa."

Na zo da niyyar in zazzage mata, har na tanadi kalmomi a hanya. Amma da wane baki? Ita ta faɗa sau ɗaya cikin fushi, tana kare uwarta. Mu da ba a yi wa komai ba muka riƙe mata maganar shekara da shekaru, muna cin dambun Gwaggo. Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, na tashi. Ɗan Baffana ya maido ni Kurfi.

Ban tsaya ba, na wuce Dutsin-Ma. Na tarar da yaron a ƙofar gida yana duba ragon suna. Na ja shi zaure na gaya masa komai, ina magana ina haki kamar wadda aka biyo. Na ce ƙarya ce, na ji daga bakin wadda ta ƙirƙira, in surukinsa yana so ya zo in kai shi Barkiya ya ji da kunnensa. Na ce a mayar da sunan.

Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa.

"Umma, ranar da na baro Kurfi na yi mata huɗuba," in ji shi. "Na raɗa mata sunan kakar mamanta. An gaya wa dangin, tsohuwar har ta aiko da zannuwa. In na janye yanzu, mi zan ce masu?"

Na ce ai ba a yanka rago ba tukuna. Na ce abubuwa da yawa, wasu ma ba su dace uwa ta faɗa wa ɗan fari ba. Bai ɗaga murya ba. Da na yi shiru ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Umma, ni fa na tambaya," in ji shi. "Ke na tambaya."

Ranar suna na yi wanka na ɗaura zane na zauna cikin mata. Aka miƙo mini yarinyar, na yi mata addu'a, na kira ta da sunan da aka raɗa mata. Suna ne mai kyau, kuma tsohuwar da aka yi wa takwara mutuniyar kirki ce. Na yi dariya inda ake dariya, na ci abin da aka ci. Ban san ko za a sake samun mace a gidanmu ina raye ba, ban kuma san ko a lokacin akwai wanda zai tuna ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata kabarinta, ya sa ta huta. Mu kuma ya yafe mana abin da aka faɗa a kanta muna zaune.